Sharar da Aikin Yanar Ido Ke Bari a Baya

Na shafe shekaru ina aikin jinya a ɗakin tiyatar ido, kuma a duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya nake ƙirgawa idan an tashi daga aiki, wato yawan mutanen da aka cire wa yana a ranar. Ban taɓa ƙirga shara ba. Wanda ya fara ƙirga mini ita wani dattijo ne da ke kwashe mana ita yana kai ta ramin da ake ƙonawa a bayan asibiti. A wani mako da wasu masu taimako daga ƙasar waje suka aiko mana da katan-katan na kayan tiyata irin waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a yar, ya tsaya a bakin ƙofa da yamma, ya dubi ledojin da muka tara masa, ya ce, “Sista, yau mutum nawa kuka yi wa aiki?” Na ce masa, “Ashirin ne, Baba, kamar yadda muka saba.” Sai ya ce, “To ai ni sharar mutum sittin nake gani.” Da magariba ya cinna mata wuta, iska kuwa ta kwaso baƙin hayaƙin roba ta shigar da shi ta tagogin ɗakin da majiyyatanmu ke kwance da bandeji a ido. Tun daga wannan rana maganar ba ta bar zuciyata ba.

Kafin in ci gaba, akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin kada a yi wa maganata wata fahimta. Ba na cikin masu ganin a rage aikin yanar ido saboda muhalli, ko da na mutum ɗaya ne. Yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, kuma binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa ita ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makantar waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama. Binciken ya kuma gano cewa kusan rabin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar cikin ido da tsinke, abin da sau da yawa yake ƙarasa kashe idon. A 2021 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince a ƙara yawan masu samun ingantaccen aikin yana sosai kafin 2030. Ke nan aikin ƙaruwa zai yi, kuma wajibi ne ya ƙaru. Abin tambaya shi ne da wane salo za a ƙara shi, domin salon da muka ɗauka yanzu shi ne za a maimaita sau miliyoyi.

A 2013 wasu likitoci a birnin Cardiff na Birtaniya sun zauna sun lissafa yawan iskar da ke ɗumama duniya wadda aikin ido ɗaya yake jawowa, tun daga ƙera kayan aiki har zuwa motar da ta kawo majiyyaci. Sun samu kusan kilo 182. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda lissafin ya rabu: fiye da rabi daga sayen kayan aiki da magunguna ya fito, sama da kashi ɗaya cikin uku daga wutar lantarki da ɗawainiyar gini, tafiye-tafiye kuwa kusan kashi 10 cikin 100 kawai. Ma'ana, mafi yawan ɓarnar an riga an yi ta a masana'anta da cikin jirgin dakon kaya kafin a buɗe ledar a gabanmu. Ledar da Baba yake ƙonawa ƙarshen labarin ce kawai.

Shekara huɗu bayan haka, a 2017, wata mai bincike mai suna Cassandra Thiel da abokan aikinta suka yi irin wannan lissafi a asibitocin ido na Aravind da ke kudancin Indiya. Aiki iri ɗaya ne, da na'ura iri ɗaya, wato wadda ake kira fako, mai farfasa yana da girgizar sauti tana zuƙe ta ta wani ɗan ƙaramin tsagi. Sharar kowane aiki a can ba ta wuce giram 250 ba, iskar da yake jawowa kuwa kusan kilo 6 ce. Da suka daidaita ma'aunin lissafin biyu domin a kwatanta su bisa adalci, na Birtaniya ya kama kilo 130, wanda ke nufin Aravind na yin aikin da kusan kashi 5 cikin 100 na abin da ake ɓatarwa a can.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin Aravind ba asibitin masu kuɗi ba ne da ya sayo wata sabuwar fasaha ta kare muhalli. Wani likita mai suna Govindappa Venkataswamy ne ya kafa shi a 1976 a garin Madurai na jihar Tamil Nadu, bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, da gado goma sha ɗaya kacal. Damuwarsa talakawan da yana ta makantar ce, kuma duk tsarin da ya shimfiɗa an yi shi ne domin kuɗi kaɗan su wadatar da mutane masu yawa. A ɗakin tiyatarsu likita ɗaya yana aiki tsakanin gadaje biyu, yana gama wannan ya juya madubin aikinsa mai ƙara girman ido kan wancan, wanda ma'aikatan jinya sun riga sun shirya. Kayan aikin ƙarfe ne, ana wanke su a turara su a na'urar tururi mai saurin gamawa su dawo. Bututun na'urar fako da gorar ruwan wanke ido ba a zubar da su bayan kowane mutum. Kwalbar maganin ɗigawa ɗaya tana zagaya majiyyata da yawa ba tare da bakinta ya taɓa ido ba. Likita ba ya sauya rigar tiyata tsakanin aiki da aiki, safar hannunsa ma ana tsabtace ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta har zuwa wani adadi kafin a canza. Ko ɗan gilashin robar da ake dasawa a ido a madadin wanda yana ta lalata, da suka ga tsadarsa ta fi ƙarfin talaka sai suka kafa masana'antarsu mai suna Aurolab a 1992, farashinsa ya faɗo warwas.

Duk ma'aikacin jinyar da aka horar yadda aka horar da ni, idan ya ji wannan jeri, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ƙwayoyin cuta. Babu abin da muke tsoro a aikin ido kamar ciwon nan da ke ruɓar da ido daga ciki kwanaki kaɗan bayan aiki, domin mutumin da ya zo da yana yana da begen gani, wanda wannan ciwo ya kama kuwa sau da yawa ya yi bankwana da idon. Amma Aravind suna rubuta komai, kuma a 2019 sun fitar da sakamakon aikin yana miliyan biyu da suka yi a jere. Bayan da suka fara sanya maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna moxifloxacin a cikin ido a ƙarshen kowane aiki, masu kamuwa da ciwon sun ragu daga kusan 7 zuwa kusan 2 a cikin kowane 10,000. A Amurka, inda ake yar da kusan komai bayan kowane majiyyaci, babban kundin likitocin ido na ƙasar ya nuna kusan 4 a cikin 10,000. Har ila yau, lokacin annobar korona Aravind sun koma sauya safar hannu bayan kowane mutum, suka daina shigar da mutum biyu ɗaki ɗaya, kuma da suka duba sakamakon daga baya ba su ga ciwon ya ragu ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi gamsar da ni, saboda mutane ɗaya ne, a wuri ɗaya, suka gwada hanyoyin biyu.

Likitocin ƙasashen da suka fi zubar da kaya su ma sun fara kokawa. Wani bincike da aka buga a 2019 kan cibiyoyin aikin yana guda huɗu a Amurka ya gano cewa kusan kashi 45 cikin 100 na magungunan da ake buɗewa a shara suke ƙarewa, maganin ɗigawa kuwa kusan kashi biyu cikin uku nasa ake zubarwa, saboda ana buɗe kwalba a ɗiga wa mutum ɗaya sau biyu ko uku a jefar. A wani binciken da aka buga a 2020 an tambayi likitoci da ma'aikatan jinya fiye da dubu, kashi 93 cikin 100 suka ce sharar ɗakin tiyata ta wuce kima. Akasarinsu sun ɗora alhakin a kan dokokin hukumomi da na asibitoci, da kuma kamfanonin da ke rubuta “sau ɗaya” a jikin kaya. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin ido na Amurka suka fitar da matsaya cewa ana iya amfani da kwalbar maganin ɗigawa ɗaya ga mutane da yawa idan an kiyaye ƙa'ida, kuma a shekarar ce aka kafa haɗakar EyeSustain domin wannan fafutuka.

Idan na karanta irin waɗannan rahotanni sai in tuna yadda muke sunkuyar da kai idan baƙi suka shigo ɗakin tiyatarmu suka ga rigunan yadi da aka wanke aka turara, da almakashin da ya shekara goma yana aiki. Mun ɗauki wannan a matsayin alamar talauci, muna jiran ranar da za mu sami hali mu koma irin tsarin da komai sabo ne daga leda. Ga shi kuwa waɗanda muke son kwaikwaya suna neman hanyar dawowa inda muke. Ko salon aikin da ya fi yawa a wurinmu, wanda likita ke yin ɗan tsagi ya fito da yanar ɗungurungum da hannu ba tare da na'urar fako ba, yana da nasa fifikon: ba ya buƙatar bututu da akwatin roba na na'ura, wutar da yake ci kaɗan ce, kuma ya fi dacewa da yanar da ta ƙosa ta yi tauri, irin wadda tsofaffinmu ke zuwa da ita bayan sun shekara biyu ko uku a duhu. Gwajin da Dakta Sanduk Ruit da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Nefal, wanda aka buga a 2007, ya nuna cewa ganin da ake samu da wannan salo ya yi kusa ƙwarai da na fako, a kan kuɗi da lokaci ƙasa da nasa. Ba ina cewa a guji fako ba, domin yana da amfaninsa kuma majiyyata suna da haƙƙin samunsa. Abin da nake ƙi shi ne a shigo da na'urar tare da ɗabi'ar zubar da komai, kamar dai ba a iya raba su.

Sai dai akwai inda ya zama dole in ja wa kaina da abokan aikina kunne. Tattali daban, sakaci daban, kuma daga nesa suna kama da juna. Abin da ya sa maimaita kaya ya zama lafiya a Aravind shi ne horo mai tsanani, da ma'aikata na musamman da ba su da wani aiki sai wanke kaya da turara su, da na'urar tururin da ake gwada ingancinta, da kuma kundin da ake rubuta kowane idon da ya samu matsala. Inda babu waɗannan, maimaita kaya ganganci ne. Ko a Indiyar an ga haka: a 2021 a garin Muzaffarpur na jihar Bihar, mutane fiye da goma sun rasa ido bayan wani aikin yana na taron jama'a saboda ƙwayoyin cuta. Kuma ba ƙwayoyin cuta kaɗai ne abin tsoro ba, domin ragowar sabulu ko busasshen ruwan kaurin nan da ake sa wa ido lokacin aiki, idan ya maƙale a cikin siririn bututun da ba a ɗauraye da kyau ba, yana iya haddasa mummunan kumburi washegari. Saboda haka asibitin da ba ya bin sawun majiyyatansa, wanda bai san ido nawa ne suka lalace a hannunsa bara ba, ba shi da ikon cewa yana koyi da Aravind. Ya fara sayen kundi da biro tukuna.

Bayan haka, lissafin Cardiff ba zai zauna daidai a kanmu ba, domin inda muke ɓarna ya bambanta. Tamu ɓarnar ta farko man dizal ce. Na sha ganin an tayar da babban janareta tun safe har azahar saboda mutum huɗu, alhali da an tsara jerin aiki da kyau, man da aka ƙona zai ishi mutum ashirin. Madubin aiki da fitilunsa ba su cin wuta sosai. Na'urar tururi da na'urar sanyaya ɗaki su ne masu ci. Don haka tara aiki a ranaku ƙayyadaddu, da cika na'urar tururi kafin a kunna ta, da sanya sola ko da don ta ɗauki madubi da fitilu, duk suna rage hayaƙi, kuma suna rage kuɗin da a ƙarshe majiyyaci ne ke biya. A ƙasar da rana ke dukan rufin asibiti tun hantsi har la'asar, abin takaici ne a ce aikin ido yana tsayawa saboda ba a kawo mai ba.

Ta biyu ita ce tafiya. Tsohuwar da ta makance ba ta zuwa ita kaɗai. Sai da ɗa ko jika, wani lokaci mutum biyu, daga ƙauye mai nisa. Idan aka ce ta zo yau a duba ta, ta dawo mako mai zuwa a auna idon, ta sake dawowa ranar aiki, sannan a ga ta sau uku bayan aiki, an ɗora wa gidan kuɗin mota shida, kuma da yawa a tsakiya suke yankewa su koma wurin mai tsinke. Duba mutane a kusa da gidajensu, da haɗa gwaji da awo a rana ɗaya, da barin ma'aikacin jinyar ido na asibiti mafi kusa ya yi dubawar baya ga wanda aikinsa ya tafi lafiya, sun fi kowace dabara sauƙi. A wasu ƙasashe an fara yi wa mutum ido biyu a rana ɗaya, kowane ido da kayansa daban, domin rage zirga-zirga. Ni dai a halin da muke ciki ba zan yi gaggawar ba da wannan shawara ba, domin idan aka samu kuskure a turara kaya ranar, mutum ba shi da sauran idon da zai dogara da shi.

Ruwa ma abin dubawa ne, ko da yake maganarsa gajeriya ce. Wankin hannu na tiyata a ƙarƙashin famfo yana cin ruwa mai yawa a kowane zagaye, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shafa maganin hannu mai sinadarin alkohol a madadinsa bayan wankin farko. A asibitin da ake sayen ruwa daga tanka, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai kuma batun kayan taimako, wanda da shi na fara. Ban raina alherin masu aikowa ba, kuma da yawa daga majiyyatanmu da kayansu suka sami gani. Amma ƙunshin da aka haɗa domin wani asibiti a wata ƙasa yana zuwa da abubuwan da likitanmu ba ya taɓawa: babban mayafin roba mai rufe mutum daga kai har ƙafa alhali fuska kawai ake buƙata, kwanonin roba uku, sirinji iri-iri. Da zarar an yage ledar, duk abin da ke ciki ya zama shara, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Ɗan gilashin da ake dasawa, wanda nauyinsa bai taka kara ya karya ba, yana zuwa cikin kwali da leda da doguwar takardar bayani mai harsuna barkatai wadda ba mai karantawa. Akwai kuma na'urorin da aka kawo ba tare da kayan gyara ko wanda ya iya gyaransu ba, suna jibge a sito ƙura na cin su. Ya kamata mu koyi faɗa wa masu taimako da masu sayar mana da kaya ainihin abin da muke so, cikin ladabi, tun kafin su ɗaure kaya. Asibitin ido na gidauniyar Tulsi Chanrai da ke Abuja yana aiki tare da Aravind, kuma ina fata cibiyoyin da ke horar da ma'aikatan ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, za su sa wannan darasi cikin abin da ake koya wa ɗalibai tun daga shekarar farko, yadda ake koya musu riƙe almakashi.

A namu ɗakin tiyatar, abin da muka iya farawa da shi kaɗan ne. Mun rataye sikeli a bakin ƙofa, ana auna shara kullum kafin Baba ya ɗauka, ana rubuta nauyin a shafin da ke kallon wanda muke rubuta duk idon da ya dawo da ja ko ciwo, domin idan muka rage wani abu mu ga ko ɗaya shafin ya motsa. Mun raba kwanduna: allura da wuƙaƙe a akwatinsu, abin da ya taɓa jini ko ruwan ido a ledarsa, kwali da takarda da ledar da ba ta taɓa kowa ba kuma daban, tunda a da duk tare ake haɗa su a ƙona, alhali masu sayen kwali suna nan a gari. Mun zauna da likita muka zazzage ƙunshin kayan aiki a kan tebur, ya ware abin da yake amfani da shi, muka rubuta wa mai kawo mana kaya jerin. Ramin ƙona shara dai yana nan inda yake, kuma mun rubuta takarda muna roƙon a gina murhun ƙonawa mai dogon bututun hayaƙi nesa da ɗakin majiyyata. Kafin a amsa mana, mun yi yarjejeniya da Baba cewa ba zai cinna wuta ba sai ya leƙo ya tambaye mu ko akwai masu kwana, mu kuma mu rufe tagogin da ke wannan ɓangaren.